Shinkafa ta fitar da kai da wuri: inda ake kuskure da yadda ake gyarawa

Shinkafar da ta yi saurin fitar da kai ba ta gama tara 'ya'ya ba, wato rassan da ke tofowa daga gindinta. Zangarniya takan fito gajera, ƙwaya kaɗan, buhu ya ragu. Galibi laifin yana cikin aikin da aka yi tun kafin dashe.

Babban kuskure shi ne barin iri ya tsufa a wurin raino. Iri kamar FARO 44 yana nuna ne cikin kwana 110 zuwa 120, kuma lissafin yana farawa daga ranar da aka yafa shi. Yakan fara ɗaukar ciki wajen kwana 50 zuwa 55. Idan manomi ya tsaya jiran tarakta ko ruwan kanal har iri ya kwana 40, ya cinye lokacin yin 'ya'ya a cunkushe. Sati guda kuma zai tafi kafin saiwa ta kama. Sai a ga shinkafa ba ta rufe ƙasa ba amma ta fara fidda kai, uwar ta nuna, 'ya'yan suna kore. Gyaran: kada a yafa iri sai an tabbatar fangali zai kammala cikin sati biyu. A dasa yana da kwana 14 zuwa 21, ƙwara biyu ko uku a rami, tazarar santimita 20 kowane gefe. In dole ta sa ya wuce kwana 30, a matse tazara a ƙara yawan dashe a rami, don uwayen su cike gurbin 'ya'yan da ba za su fito ba.

Kuskure na biyu, zuba takin yuriya bayan kai ya fito, wai don a ja da shi baya. Ba ya ja. Ganye ne zai yi duhu, sabbin 'ya'yan da ba za su nuna ba su tofo, shinkafa ta kwanta. Yawan ƙwaya a zangarniya yana yankuwa ne tun farkon ɗaukar ciki, kusan wata guda kafin fitar kai. A tsaga kara ɗaya da reza: in aka ga ɗan farin tsiro kamar auduga a saman gaɓar ƙarshe, ciki ya fara, lokacin zuba yuriya zagaye na biyu ke nan.

Masu noman rani a Kura, Haɗeja da Argungu su lura da ranar da fure zai faɗo. Furen shinkafa yana buɗewa da hantsi, kuma zafin da ya haura digiri 35 a wannan lokacin yana kashe garin fure, ƙwaya ta fito fanko. Sanyin hunturu a kan shinkafa mai ciki ma haka yake yi. Zafin dare lokacin cikar ƙwaya kuwa yana bar mata fari kamar alli a tsakiya, irin wadda ke karyewa a injin gyara, 'yan kasuwa su rage kuɗi. A ƙirga baya daga ranar fure kafin a yafa iri, don kada ta haɗu da tsakiyar zafin Afrilu. Ruwa ya tsaya santimita 5 zuwa 10 tun daga ciki har ƙarshen fure.

Wani lokaci ba gonar duka ba ce, tsirarun tushe ne ke riga sauran. Gaurayen iri ne wannan. A tuge su kafin su zubar da ƙwaya, kuma kada a ɗebi irin baɗi daga gonar.

Gonar da ta riga maƙwabta nuna ita tsuntsayen jan-baki ke taruwa a kai, don haka a fara tsaro da zarar ƙwaya ta yi madara. Kada tsoronsu ya sa a yanke ɗanya. A jira wajen wata guda bayan fitar kai, sai kashi 80 cikin 100 na ƙwaya sun yi ruwan ɗorawa, sannan a shanya shanshera a hankali, ana juyawa, har danshi ya sauka zuwa kashi 14.