Babi na 7: Kiwon Kifin Ras a Tankin Gilashi

Ras ƙaramin kifi ne na teku. Wanda za mu kiwata shi ne mai layi shida a jiki, tsawonsa ba ya wuce santimita 10, yana zama cikin duwatsun murjani a wurare irin su Bahar Maliya, tekun nan da ke gaban Jidda. Ruwan rijiya ko na famfo zai kashe shi.

Darasi na 1: Haɗa ruwa

Ku sayi gishirin da aka yi musamman don kifin teku, na miya ba ya yi. Ku zuba giram 35 zuwa 40 a kowace lita ta tataccen ruwa, a cikin bokiti, ku dama har ya narke. Sai ku tsoma ma'aunin gishiri. Lambar da muke nema ita ce 1.025. Mu karanta tare: ɗaya, ɗigo, sifili, biyu, biyar. Madalla. Ku cika tankin, ku jera duwatsu, ku kunna injin tacewa, ku bar shi mako 4 zuwa 6 kafin kifi ya shiga.

Darasi na 2: Cikon ruwa

Ku natsu, a nan kowa ke tuntuɓe. Ranar da kuka cika tanki, ku manna salatif a jikin gilashin daidai inda ruwa ya tsaya. Bayan kwana biyu za ku ga ruwan ya sauka ƙasa da salatif ɗin. Ina ya tafi? Iska ta shanye shi. Gishirin fa? Yana nan, bai je ko'ina ba.

Iyaye mata, kun fi kowa sanin wannan. Idan miya ta daɗe a wuta ta tsotse, gishiri ya fito, me ake ƙara mata? Ruwa. To, haka tanki yake. Ruwan da ya ragu da kansa, da tataccen ruwa zalla ake cike shi, babu gishiri ko ƙwara.

Ku maimaita: ya ragu da kansa, ruwa zalla. Kada ku ji kunya in kun manta, ku sake karantawa.

Akwai dattijon da ya yi ajin nan bara, mutum mai himma, kullum yana cike tankinsa da ruwan gishiri. Ya zo ya ce kifin ya daina fitowa daga rami, yana numfashi da sauri. Muka tsoma ma'auni, allurar ta haye can sama. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, amma har yanzu wasunku sai su ce ai kifin teku ne. Haba jama'a! Ruwan gishiri sai in ku da hannunku kuka kwashe tsohon ruwa, kamar kashi ɗaya cikin goma duk mako. Wanda ya ragu da kansa, ruwa zalla.

Darasi na 3: Murfi da zafi

Ras yana tsalle, ku rufe tankin kada ku tsince shi a ƙasa ya bushe. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27.

Darasi na 4: Abinci

Niƙaƙƙen jatan lande, kaɗan-kaɗan, sau biyu a rana. Ku kwashe abin da ya rage.

Darasi na 5

Kada ku haɗa ras biyu a tanki ɗaya, faɗa suke yi.