Ga mai shirin zuwa Karlštejn daga Prag

Jama'a, duk wanda Allah Ya kai shi Prag, babban birnin ƙasar Czech, ya ware wuni guda ya leƙa Karlštejn. Ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogin Berounka, kamar minti 40 a jirgin ƙasa. Ku sa takalmi mai daɗin tafiya, domin daga tasha zuwa fadar da Sarkin Bohemia Charles na Huɗu ya kafa a 1348 hawa ne, kusan rabin awa, shagunan tsaraba dama da hagu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗakin ibadar da aka taɓa ajiye kambin sarauta, bangonsa shaƙe da duwatsu masu daraja. Sai da jagora ake shiga, gurbi kuma kan ƙare da wuri. Ku yanki tikiti ta intanet tun kafin ku taso.