Yadda za ka kwashe manhajar lissafin dafa giya daga Windows zuwa Linux ko Mac

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da dama suka mayar da tsofaffin kwamfutocinsu kan Linux. Komai na tafiya daidai, sai ran da mai dafa giya a gida ya nemi manhajar da ke masa lissafin tsiron sha'ir, furen hop mai ba giya ɗaci, yis da ruwa, ya tarar ba ta buɗuwa, domin don Windows kaɗai aka rubuta ta. Ni a kan Linux Mint nake aiki, kuma abin da zan bayyana a nan shi nake bi da hannuna.

Kafin ka taɓa komai, ka fitar da haɗe-haɗenka. Manhaja ana sake samun ta, amma haɗin da ka yi shekaru kana gyarawa har ya zauna, idan ya ɓace ba mai dawo maka da shi. Yawancin manhajojin wannan sana'a sun san wani tsarin fayil da ake kira BeerXML, wanda aka ƙirƙira domin su riƙa karanta haɗin juna. Ka buɗe manhajarka a tsohuwar kwamfuta, ka fitar da kowane haɗi a wannan tsari, ka zuba a filashi. Idan taka ta tsufa har ba ta san shi ba, ka fitar da haɗin a matsayin rubutu ko PDF. Sannan ka kwafi foldar manhajar gaba ɗayanta, ka rubuta lambar rajistarka a takarda idan saye ka yi.

Daga nan ka tambayi kanka ko dole ne sai wannan manhajar. BeerSmith tana da nau'in Windows da na Mac da na Linux. Brewtarget kyauta ce, tana aiki a dukkan ukun, tana kuma karanta BeerXML. Brewfather kuwa a burauza take, ba ruwanta da irin kwamfutarka, sai dai haɗe-haɗenka za su zauna ne a intanet, a hannun wasu. Idan ɗaya daga cikinsu ta ishe ka, ka huta. Amma akwai waɗanda hannunsu ya saba da tsohuwar manhaja irin ProMash, wadda aka daina sabuntawa tun da daɗewa, kuma ban ga laifinsu ba. Lissafin da ka gwada a tukunyarka ka ga yana fitowa daidai, ba a rabuwa da shi don sabo ya fito kawai.

Irin waɗannan su Wine zai yi wa amfani, wato shirin da ke gudanar da manhajojin Windows a kan Linux. An fara aikinsa a 1993, nau'insa na 1.0 ya fito a 2008. Ba ya ɗora Windows a kwamfutarka, kuma ba ya buƙatar lasisinta. Tafinta ne: manhajar ta nemi abu da yaren Windows, shi ya juya buƙatar zuwa abin da Linux ke ganewa. Shi ya sa ba ya cin ƙarfin na'ura sosai, kuma ƙananan manhajojin lissafi, da ba su wuce akwatunan lambobi da jadawali ba, sukan zauna lafiya a kansa.

Ka fara duba rumbun AppDB na shafin WineHQ, inda masu amfani ke rubuta yadda kowace manhaja ta yi musu. Suna ba da daraja biyar: Platinum, Gold, Silver, Bronze da Garbage. Ta farko na nufin ka ɗora kawai ta tashi, ta biyu sai da ɗan gyara. Ka karanta bayanan da ke ƙasa, a nan ake faɗin ainihin abin da manhajar ke nema.

A kan Ubuntu ko Mint, ka buɗe tagar umarni (Terminal) ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo dpkg --add-architecture i386
sudo apt update
sudo apt install wine winetricks

Layin farko yana da muhimmanci, domin tsofaffin manhajojin nan kusan duk masu bit 32 ne, kwamfutarka kuwa mai bit 64 ce. Idan ka tsallake shi, kana iya danna fayil ɗin ka ga shiru.

Yanzu ka ware wa manhajar foldarta ita kaɗai. Idan ba ka faɗa ba, Wine zai zuba komai a folda guda mai suna .wine, gyaran da ka yi wa wata manhaja ya ɓata wata. Ka rubuta:

WINEPREFIX=~/giya WINEARCH=win32 winecfg

Zai ƙirƙiri foldar giya, da wata a cikinta mai suna drive_c wadda manhajar za ta ɗauka ita ce C: ɗinta. A tagar da ta buɗe, ka zaɓi nau'in Windows ɗin da manhajar ta taso a kai, XP ko 7 ga tsofaffi. Idan rubutun ya yi ƙanana, ka ɗaga DPI, wato ma'aunin girman rubutu a allo, daga 96 zuwa 120 ko 144. Sai ka shiga foldar da fayil ɗin ɗorawa yake ta tagar umarni, ka rubuta:

WINEPREFIX=~/giya wine setup.exe

Kada ka taɓa sa sudo a gaban wine. Manhajar Windows a ƙarƙashin Wine tana ganin duk fayilolinka ta hanyar Z:, kuma muguwar manhaja ma tana iya gudana a nan, don haka daga shafin masu ita kaɗai za ka sauke.

Idan ta ƙi tashi, ka kunna ta daga tagar umarni ka karanta abin da ya fito. Layukan da suka fara da fixme kan yi yawa, kuma galibi ba su ne matsalar ba. Ka nemi wanda ke cewa ba a sami wani fayil mai ƙarewa da .dll ba. In msvbvm60.dll ne, da Visual Basic 6 aka rubuta manhajar, maganinsa winetricks vb6run. In mfc42.dll ne, winetricks mfc42. Rubutu ya fito a karkace ko ya zarce akwatinsa, winetricks corefonts. Kowane ɗaya ka sa WINEPREFIX=~/giya a gabansa, kuma ka riƙa ƙara su ɗaya-ɗaya kana gwadawa, domin ka san wanne ya yi aikin. Manhajojin da ke neman .NET, wani tsarin Microsoft da ake gina manhajoji a kai, su suka fi taurin kai.

Mai Mac lamarinsa ya fi wuya, domin tun nau'in macOS mai suna Catalina a 2019 Apple ta daina gudanar da manhajoji masu bit 32. CrossOver, wanda kamfanin CodeWeavers ya gina a kan Wine yake sayarwa, shi ne hanya mafi sauƙi. In duk an gwada an kasa, a kan Linux sai a ɗora cikakkiyar Windows cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta ta kwaikwayo a cikin taka. Yana aiki, amma yana neman lasisi da ƙwaƙwalwa mai yawa, kuma a ganina nauyin ya yi wa manhajar lissafi yawa.

Manhaja ta buɗe ba yana nufin an gama ba, kuma nan ne na fi so ka tsaya. Bayanin kayan aikinka ba kasafai yake ƙaura daidai ba: girman tukunya, ruwan da ke ƙonewa a awa ɗaya na tafasa, abin da ke saura a gindin tukunya, da kason sukarin da kake iya fitarwa daga tsiro. Idan naka kashi 68 cikin ɗari ne, sabuwar manhajar ta ɗauka 75, za ta yi maka alkawarin nauyin ruwa (ma'aunin yawan sukarin da ke cikinsa) 1.055 alhali ma'auninka zai nuna kusan 1.050. Ka duba ma'aunai: galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546, kuma 152 a ma'aunin Fahrenheit kusan 67 ne a Celsius. Lissafin ɗaci ma iri-iri ne, na Tinseth da na Rager ba sa ba da lamba ɗaya ga hop iri ɗaya, don haka ka zaɓi wanda ka saba. Idan harshen kwamfutarka yana amfani da waƙafi a maimakon ɗigo wajen rubuta lamba, tsohuwar manhaja tana iya karanta 4.5 ba daidai ba, sai ka kunna ta da LC_ALL=en_US.UTF-8 a gaban umarnin.

Ka ɗauki haɗi ɗaya da ka sani sosai, ka buɗe shi a tsohuwar kwamfuta da sabuwar a lokaci guda. Ka gwada nauyin ruwa kafin yis ya yi aiki da bayan ya gama, ɗaci, launi da yawan ruwa. Sai sun yi daidai za ka goge Windows. Bayan nan ka kwafi foldar giya gaba ɗayanta zuwa filashi, domin duk ranar da ka sake kwamfuta, ka ɗora Wine ka mayar da foldar wurinta, manhajar da haɗe-haɗenka za su tashi yadda ka bar su.