Yadda Ake Ɗinka Shimfiɗar Faranti da Ragowar Ƙyallaye

A yawancin gidajenmu na Makka da Jidda a ƙasa ake cin abinci. A yago ledar sufra, a shimfiɗa, in an gama a tattare ta da ƙasusuwa a kai shara. Ledar tana rage wanki, amma ba ta tare zafi. Ɗora mata farantin kabsa (dafa-dukan shinkafa da nama) da aka zubo yanzu, ko butar shayi, ki ga yadda za ta motse ta manne a gindinsa, wani lokaci har kafet ta samu tabo. A gida Najeriya ko Nijar faifai ke wannan aiki. A nan kuwa faifai sai an ba mai zuwa Umara sautu, shi ma in ya iso sai ka ga an rataye shi a bango don ado. Ƙaramar shimfiɗa mai kauri da aka ɗinka da ƙyallaye tana maye gurbinsa a ƙasa da kan tebur, kuma tana shiga injin wanki.

Girman da aka saba shi ne tsawo santimita 45, faɗi 30. Yana ɗaukar faranti ɗaya da cokali da kofi. Hawa uku gare ta: fuska ta ƙyallaye masu launi, ciki mai laushi da ke tare zafi, sai baya na yadi guda.

Zaɓen ƙyalle

Rabin aikin a nan yake. Auduga zalla ake so. Atamfa ta gaske, ragowar shadda, tsohon zanin gado, rigunan yara da suka yi musu kaɗan, duk sun shiga. Yadin abaya mai santsi da leshi da yadin gyale ki ajiye su gefe. Suna zillewa a ƙarƙashin allura, ba sa kwanciya da guga, zafi kuma yana cin su. Yadin farar jallabiyar maza ma a kula da shi, domin da yawansa gauraye yake da roba, ko da ido ya nuna miki auduga ne.

In kina shakka, yanko ɗan yatsa ɗaya na ƙyallen, ki riƙe shi da abin ɗaukar gawayin turare, ki kai bakinsa ga wuta a kan wurin wanke-wanke. Auduga tana ci da harshen wuta, ƙaurinta na takarda ne, tokarta kuma tana murmushewa tsakanin yatsu. Mai roba tattarewa yake kamar ganda a wuta, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Duk wanda ya yi haka, ba na ƙarƙashin faranti ba ne.

Wani abin da ya shafe mu musamman a ƙasar nan: ki duba rubutun da ke jikin yadi kafin ki sa almakashi. Korayen yadukan da ake sayarwa gab da bikin ranar ƙasa ta 23 ga Satumba, wasu suna ɗauke da kalmar shahada irin ta jikin tuta. Wasu yadukan ado na azumi ma akwai aya ko sunan Allah a cikin zanensu. Irin waɗannan ba a ɗora musu kwano, ba a zubar musu da miya.

Wadda ba ta da tarin ƙyalle a gida, ta tambayi telan da ke mata ɗinki ko mashgal ɗin unguwa, wato shagon ɗinkin mata. Kalma ɗaya ce: "Malam, don Allah a riƙa ware min na atamfa a leda, zan aiko yaro." Mako biyun da ke gaban Sallah ya isa ki samu abin da zai kai ki shekara. Yadin baya kawai za ki iya saya, kuma rabin mita na yadi mai faɗi yana fitar da bayan guda biyu. A Makka akwai shi a kasuwar Utaibiyya, a Jidda kuma a kasuwannin Balad. Zare da fil da alli suna shagunan kayan ɗinki, har da shagunan abu hamsa, wato na kayan riyal biyar.

Abin sawa a ciki

Ana sayar da audugar cikin bargo mai faɗi a shagunan yadi, amma mu muna da abin da ya fi ta arha: tsohon tawul, ko haramin da maigida ya daina sawa. Harami mai saƙar tawul yana da faɗi, fari ne ba ya zuba, yanki ɗaya yana ba da cikin shimfiɗa da yawa. Shi ma a yi masa gwajin wuta, don akwai masu roba a kasuwa. In ranki bai kwanta da yanka harami ba, tawul ya wadatar. Soso kam a'a. Yana riƙe ruwa, yana ɗaukar wari, zafi yana narka shi.

Yanzu ki wanke komai kafin yanka, kowane launi daban. Auduga tana tsukewa a wankin farko, kusan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, tawul ma ya kan fi haka. In fuska ta tsuke ciki bai tsuke ba, ko akasin haka, shimfiɗar za ta kumbura a tsakiya ta ƙi kwanciya har abada. Wankin nan ne kuma zai tona asirin atamfa mai zuba. Jiƙa ja da shuɗi mai duhu a ƙaramin kwano tare da farin ƙyalle. In farin ya sauya, a sake wankewa. In ya sake zuba, a haƙura da shi. Shadda kuma za ta saki ƙyallin bugunta, wannan ba laifi ba ne. A shanya a inuwa, a goge tas.

Yanka

Ciki: santimita 47 da 32. Baya: 51 da 36. Ƙyallayen fuska a yanka su ziri-ziri, tsawon kowanne 33, faɗi tsakanin 4 da 7. Ba sai faɗinsu ya zo ɗaya ba, ni na fi son su bambanta. Kowane ziri zai rasa santimita 2 a ɗinki, don haka mai faɗin 7 zai fito 5. In duka masu faɗin 7 ne, goma sun rufe fuskar. In akwai sirara, ki tanadi goma sha huɗu ko fiye. Yanke bakin atamfa mai rubutun kamfani ki yar, saƙarsa ta fi ta sauran matsewa, yana jan ɗinki. Guntayen da ba su kai 33 ba, haɗa biyu ko uku kai da kai, ki buɗe ɗinkin da dutsen guga, sun zama ziri ɗaya.

Jera su a kan ciki ki ja baya ki duba. Atamfa tana da surutu. In kin jera mai manyan furanni kusa da mai manyan furanni, ido ba zai san inda zai sauka ba. Raba su da shadda mai launi ɗaya. Ki kuma tuna abin da za a zubar a kai: gahawa, man sambusa, miyar kuka, da Vimto na buɗa-baki, wanda duk uwar da ta taɓa wanke farar riga bayan magariba ta san halinsa. Fari da ruwan madara su koma gefe, masu duhu su zauna tsakiya. In jerin ya yi miki, ɗauke shi hoto a waya, don da kin fara ɗinki za ki manta wanne ke bin wanne.

Ɗinkin fuska

Sa allura mai lamba 90, zaren sama da na ƙasa iri ɗaya, tsawon ɗinki milimita 2.5. Kowane keke yana yi, Singer ne ko Butterfly na ƙafa ko ƙaramin na lantarki, tunda miƙaƙƙen ɗinki kawai ake bukata.

Ja layi da alli a tsakiyar cikin, daga sama zuwa ƙasa ta gajeren ɓangare. Kwantar da zirin farko a jikin layin, fuskarsa sama. Ɗauko na biyu ki kifa shi a kansa, fuska na kallon fuska, bakinsu na dama ya daidaita. Sa fil uku. Ki ɗinka santimita 1 daga baki, allura na ratsa ƙyallen biyu da tawul gaba ɗaya. Cire fil, buɗe na biyun zuwa dama, ki danne shi da dutsen guga. Dannawa, ba gogawa ba: ajiye dutsen, ƙirga uku, ɗaga. In kin ja shi, zirin zai miƙe ya karkace, kuma karkatar da ba a gani a na biyu, a na biyar sai ta zama santimita guda.

Haka za ki ci gaba: kifa, ɗinka, buɗe, danne, har ki kai ƙarshen dama. Sai ki juya aikin ki cike hagu. Kada ki tsallake guga ko sau ɗaya don sauri. Ajiye dutsen kusa da keke, a kan naɗaɗɗen tawul, yadda ba sai kin tashi ba. Bayan kowane ziri biyu, auna daga layin tsakiya sama da ƙasa. In awon ya bambanta, gyara a ɗinki na gaba ta hanyar ɗan karkata sabon zirin.

Amfanin wannan hanya shi ne kina haɗa fuska kina kama ta da ciki a lokaci guda. Masu haɗa murabba'ai 54 ɗaya bayan ɗaya suna samun abu mai kyau, amma wannan aikin wadda hannunta ya faɗa ne, kuma kusurwa ɗaya in ta goce kowa zai gani.

In fuska ta cika, auna 45 da 30, ja layi, ki datse duk abin da ya wuce. Tawul zai zubar da gashi, a kakkaɓe, a kuma goge ƙarƙashin allurar keke da ɗan buroshi.

Haɗawa da baya

Shimfiɗa yadin baya, fuskarsa ƙasa. Ɗora aikinki a tsakiya, fuska sama, ya zama santimita 3 na baya ya leƙo ta kowane gefe. Kafa fil daga tsakiya zuwa waje. Ƙara tsawon ɗinki zuwa milimita 3, ki yi layuka a tsaye da ke ratsa hawa ukun, tazarar santimita 4 zuwa 5 tsakaninsu. Fara da na tsakiya. Layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, na gaba daga ƙasa zuwa sama, don kada yadin ya tafi gefe guda. Tsaya daidai bakin fuska, ki koma baya kaɗan don ƙulle zare. Kada ki ja aikin ta bayan allura, bar keke ya ja da kansa, hannayenki biyu a shimfiɗe suna lallashinsa kawai. In kin ga baya yana tattarewa, tsaya ki warware tun layin bai yi nisa ba.

Sai baki. Fara da dogayen gefe biyu. Kalmasa yadin baya har bakinsa ya taɓa bakin fuska, wato santimita 1.5, ki danne da guga. Sake kalmasa shi ya hau kan fuska, ki danne, ki sa fil. Kafin ki taɓa gajerun gefe, lanƙwasa kowace kusurwa ciki ta zama alwatika, sannan ki yi kalmasa biyun nan. Kusurwar za ta fito da layi a karkace, tsaf. Ɗinka zagaye, milimita 2 daga bakin kalmasar na ciki. A kusurwa bar allura a cikin yadi, ɗaga ƙafar keke, juya aikin, sauke, ci gaba. Wurin yana da kauri, in keke ya yi nishi juya shi da hannu ɗinki uku ko huɗu.

Wadda ba ta da keke ma za ta iya da hannu, sai dai ta yi ɗinkin komawa baya a wurin haɗa ziri don ya yi ƙarfi, ta kuma sa abin kare yatsa.

Wane lokaci, wane launi

Irin wannan aiki da zafi ya fi tafiya. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba hukuma kanta tana hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, yara suna hutun makaranta a yawancin lokacin, kowa yana ɗaki ƙarƙashin na'urar sanyi. 'Yar shekara goma za ta iya ware launuka da jera ziri, babbar yayarta ta riƙe guga. Gwajin wuta da almakashi dai na manya ne.

Na azumi a watan Sha'aban ake yin su, lokacin da jan yadin nan mai zanen rumfar Masar yake cika kasuwa tare da fitilun Ramadan. Ziri biyu nasa a tsakiyar farar shadda da baƙa sun isa, in ya yi yawa yana gajiyar da ido. Azumi kuma yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara: a 2024 an ɗauka ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris. Ke nan shekarun nan Sha'aban yana faɗowa cikin sanyi, lokacin da ake fita bayan gari da butar shayi da dalla, wato butar gahawa. Na fita waje a yi su da yadi mai duhu, ƙanana, 20 da 20, don yashi da toka ba sa barin fari. Bayan Hajji kuma harami yake yawaita a gidaje, lokacin tara ciki ke nan. Guntayen da suka yi ƙanƙanta da zama ziri, ki ajiye su zuwa Afrilu, sa'ad da wardin Ɗa'ifa yake fitowa: ƙaramar jaka, busasshen wardi a ciki, a jefa cikin akwatin kaya.

Wanki da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, ban da bilic. A Makka kafin la'asar ta bushe. A Jidda, saboda laimar teku, tawul ɗin ciki yana daɗewa da danshi ko da fuska ta bushe, don haka ki matsa tsakiyarta da yatsa kafin ki ninke, in ba haka ba za ta yi wari a cikin durowa.

Tawul hawa ɗaya na faranti ne da buta da fulas. Tukunyar da aka sauke daga wuta yanzu tana bukatar hawa biyu, zaren ɗinkin ma ya zama na auduga, allura kuma a sauya ta zuwa lamba 100.