Kafin ku yi wa fili mai itatuwa kuɗi

Jama'a in za ku kimanta daji ko gona mai itatuwa ku raba lissafin gida biyu, ƙasar daban itatuwan daban.

Ba sai kun ƙirga duka ba. Ku ware mita 20 tsawo 20 faɗi a wuri uku ko huɗu, ku ƙirga na ciki, ku zagaya tef ɗin awo a jikin kowace bishiya ku auna kaurinta daidai ƙirji, wajen mita 1.3 daga ƙasa, don gindi buɗewa yake sai ya ruɗe ku. Irin yankin nan 25 ne hekta ɗaya, sai ku ɗauki matsakaicin abin da kuka samu a yankunan ku ninka sau 25 a kan kowace hekta.

Amma fa in gefe cunkus ne gefe fako lissafin ba zai fita ba. In kuma doka ta hana sara a wurin, kar ku sa kuɗin katako ko kaɗan.