Kurakuran da marubutanmu ke yi a labarin binciken kisa

Mafi yawan rubuce-rubucen da matasan Maradi ke kawo mini in duba, waɗanda aka gina a kan mutumin da aka ɗaure bisa laifin da bai aikata ba, suna tuntuɓe a wuri ɗaya: sunayen mutane namu ne, amma shari'ar daga talabijin ɗin Amurka aka kwaso ta. A Nijar tsarin Faransa muka gada, inda ƴan sanda ko jandarmomi ke fara tsare wanda ake zargi, mai gabatar da ƙara ya karɓi takardu, sannan a babban laifi alƙali mai bincike ya tattara hujjojin da ke ɗaure mutum da waɗanda ke wanke shi. Gyaran shi ne marubuci ya nemo inda zaluncin ya shiga cikin wannan jeri, kamar bayanin da aka ɗauka da Hausa aka rubuta da Faransanci, mutumin da bai iya karatu ba ya dangwala yatsa a kansa.

Kuskure na biyu ya shafi gawa. Na karanta labarin da likita ya duba gawa bayan kwana uku ya faɗi mintin da aka yi kisa, alhali a zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, jiki yana saurin sandarewa da lalacewa, kuma likita tazarar sa'o'i kawai yake iya bayarwa. Ban da haka, mu da muke sallar jana'iza a ranar rasuwa, wa zai ajiye mamaci kwana uku ba tare da dangi sun tayar da ƙura ba? Wannan ja-in-ja tsakanin iyali da mai bincike, wallahi, ya fi kowace na'ura riƙe mai karatu.

Zanen yatsa kuwa ba ya kama bangon laka, kuma kafin hukuma ta iso maƙwabta sun tattake sawun da ke ƙofar gida.

Sai amsa laifi, wadda ake ɗauka ƙarshen magana. A 1986 a Ingila, karon farko da aka yi amfani da gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) na masanin kimiyya Alec Jeffreys a binciken kisa, wani matashi da ya riga ya amsa laifi gwajin ya wanke, kafin a kama ainihin wanda ya yi kisan, Colin Pitchfork. Kamata ya yi marubuci ya nuna mana daren da aka kwana ana tambaya, da ƙishirwa, da tsoron da ya sa bakin ya furta abin da hannu bai yi ba.