Yadda Za Ka Saba da Al'adun Wurin Aiki a Ƙasar Waje

Bahaushen da ya zauna a Agege ko Idi-Araba ya riga ya iya zama da waɗanda ba yarensu ɗaya ba, amma wanda zai tashi daga filin jirgin saman Murtala Muhammed zuwa aiki a Ingila ko Dubai yana bukatar ƙarin shiri, domin abin da muke kira ladabi a gida ana iya yi masa wata fassara a can.

Ka fara da batun kunya da kawaici, domin a ganina nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. A wurinmu sunkuyar da kai gaban babba tarbiyya ce, amma a ofisoshin Ingila wanda ke kawar da ido yayin magana ana iya zargin yana ɓoye wani abu. Idan shugabarka ta ce ka kira ta da sunanta kai tsaye, ka kira ta haka, ba raini ba ne. Idan kuma aka ba ka aikin da ba ka gane ba, ko wanda ba zai kammalu a lokacin da aka tsayar ba, ka faɗa nan take cikin natsuwa, domin shirunka za a ɗauke shi alkawari, ranar da aikin ya gaza kuwa ba wanda zai tuna cewa kara ka yi.

Uzurin gosulo da ake karɓa a Legas ba ya aiki a can. Ka isa kafin lokaci.

Maganar salla ka gabatar da ita ga manaja tun makon farko. A Landan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, saboda haka azahar da la'asar da magariba duk suna iya riskarka a bakin aiki. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta nuna wariya saboda addini a Ingila, amma lokacin fita salla sai an tsara shi tare da masu wurin.

Ƙasashen Larabawa ma ba tsari ɗaya suke bi ba. Hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa ta koma Asabar da Lahadi tun 2022. Kada nauyin baki ya sa ka bar fasfonka a hannun ubangidanka, domin dokar ƙasashen biyu ta hana mai ba da aiki riƙe fasfon ma'aikacinsa.